NEMAN SIRIRIN ZARE DA WAYA MAI SHEƘI DOMIN ƘERA ƘANANAN SAMFURORI

Daga Kulob ɗin Kimiyya da Aikin Hannu

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa ba lokacin da yake ƙarami. A wancan wasa ba ruwan kowa da awo. In dai motar tana da ƙafa huɗu, kuma tana tafiya idan an ja ta, magana ta ƙare. Amma akwai wani aikin hannu da ya ɗara wannan, wato ƙera samfuri bisa ma'auni. A nan ana ɗaukar abu na gaske, kamar jirgin sama ko jirgin ruwa ko gada, a rage girman kowane sashe nasa da adadi guda. Irin wannan aiki ne ake kaiwa bajekolin kimiyya, kuma irinsa ne masu zanen gine-gine suke yi kafin a zuba kuɗi a ginin gaske.

Wanda ya taɓa gwadawa ya san cewa gangar jikin samfuri ba ta cika ba da wahala ba. Katako mai laushi da kwali da gam sun wadatar. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen igiyoyi da wayoyi. Ɗalibi zai shafe wata biyu yana sassaƙa da goge-goge, ana gobe bajekoli sai ya ari zaren ɗinki ya ɗaure fukafukan jirginsa, aikin duka ya koma abin wasan yara a idon alƙalai. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake sanin kaurin da ake bukata, da inda ake samun zare ko wayar da ta dace, da kuma yadda ake sarrafa ta.

Lissafi kafin nema

Bari mu ɗauki misali daga tarihinmu. Ranar 1 ga watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga Helwan, kusa da birnin Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Wannan tafiya ce ta kawo jiragen sama na farko Nijeriya. Sunan irin jirgin DH.9A, kuma fukafukansa hawa biyu ne, na sama da na ƙasa. Sanduna ne suke raba hawan biyu, sannan wayoyin ƙarfe da aka gicciya tsakaninsu suke riƙe fukafukan kada su lanƙwashe idan sun ɗauki nauyin jirgin a sama. Saboda haka samfurin wannan jirgi ba ya cika sai da wayoyin nan.

Ma'aunin da masu ƙera samfurin jirgin sama suka fi amfani da shi shi ne 1:72, wato inci ɗaya a samfuri yana wakiltar ƙafa shida a abin gaske. Mutum mai tsawon ƙafa shida zai koma inci ɗaya ke nan. Faɗin fukafukan DH.9A kusan mita 14 ne, don haka a samfuri za su zama santimita 19 da ɗan ɗoriya. To, mu ɗauka kaurin ɗaya daga cikin wayoyin milimita 4 ne. Idan aka raba 4 gida 72, za a sami milimita 0.056. Yawancin gashin kan ɗan Adam yana tsakanin milimita 0.05 da 0.1. Ashe abin da muke nema bai wuce silin gashi ba.

Yanzu mu juya lissafin. Idan zaren ɗinkin da aka ara yana da kaurin milimita 0.25, a ninka shi sau 72, za a sami milimita 18. Wannan ya fi kaurin rodin gini mai milimita 16. Mai kallo ba zai yi wannan lissafi ba, amma idonsa zai gaya masa cewa wani abu bai yi daidai ba.

Ƙa'idar dai guda ce: a raba kaurin abin gaske da lambar ma'auni. Ga wani misali daga Amurka. Gadar Golden Gate da ke birnin San Francisco, wadda aka buɗe a 1937, rataye take a jikin manyan igiyoyin ƙarfe biyu. Kaurin kowace igiya santimita 92 ne, kuma a cikinta akwai wayoyi 27,572. Daga waɗannan manyan igiyoyi wasu ƙanana suke saukowa suna riƙe da titin, kaurin kowacce kusan santimita 7. Tazarar da ke tsakanin hasumiyoyin gadar biyu mita 1,280 ce. A ma'aunin 1:1000 tazarar za ta zama mita 1.28, babbar igiya milimita 0.92, ƙaramar kuwa milimita 0.07. Samfuri ɗaya ke nan yana bukatar waya iri biyu, ɗaya ta ninka ɗayar sau goma sha uku. Wanda ya yi amfani da zare iri ɗaya ko'ina ya ɓata siffar gadar.

Lambobin waya da yadda ake auna ta

Yin siririyar waya tsohuwar sana'a ce. Littafin Fitowa, sura 39, aya 3, ya nuna cewa a wancan zamani ana daddaka zinariya har ta zama kamar takarda, sannan a tsaga ta a sami zaren da za a sa a tufar babban firist. Daga baya maƙera suka gano hanyar da ta fi sauƙi. Sukan huda ramuka a jikin farantin ƙarfe mai tauri, kowane rami ya fi na bayansa ƙanƙanta, sai su riƙa jan ƙarfen ta cikin ramukan ɗaya bayan ɗaya. Duk ramin da waya ta wuce, tsawonta ya ƙaru, kaurinta ya ragu. Har gobe maƙeran azurfa da na zinariya suna aiki da wannan dabara, masana'antu kuma suna yin ta da injuna.

Wannan ne dalilin da ya sa lambar waya take tafiya a juye: yawan lamba, yawan siranta, domin asalin lambar tana nuni ne da yawan jan da aka yi. Tsarin lambobi biyu ne aka fi sani. Akwai na Ingila, SWG, wanda ya zama doka a can a 1884, da na Amurka, AWG, wanda aka soma amfani da shi a 1857. A tsarin SWG, lamba 30 milimita 0.315 ce, lamba 36 milimita 0.193, lamba 40 milimita 0.122, lamba 47 milimita 0.051, lamba 50 kuma milimita 0.025. A tsarin AWG, lamba 36 milimita 0.127 ce, lamba 40 milimita 0.08, lamba 44 milimita 0.05. A lura cewa lamba 36 ta Ingila ta fi lamba 36 ta Amurka kauri sosai, don haka idan an ga lamba a jikin ƙullin waya, sai a duba ko ta wane tsari ce. Wayar jirginmu na 1925 za ta faɗa wajen SWG 47 ko AWG 44.

Ana iya wuce haka wajen siranta. A 1813 wani masanin kimiyya na Ingila, William Hyde Wollaston, ya sa wayar filatinam a cikin azurfa, ya ja su tare, sannan ya narkar da azurfar da ruwan asid. Abin da ya rage waya ce mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Mu dai aikinmu bai kai nan ba.

To, yaya za a san kaurin wayar da aka tsinta ba lamba a jikinta? A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya akwai maikuromita, wadda take auna har milimita 0.01, kuma malamin fiziks zai nuna yadda ake karanta ta. Idan babu ita, fensir da rula sun isa. A naɗa wayar a jikin fensir, kowane zagaye yana manne da ɗan'uwansa, ba giɓi kuma ba hawa kan juna. A ƙirga zagayen, a auna tsawon wurin da suka rufe, a raba. Alal misali, idan zagaye 40 sun rufe milimita 8, kaurin wayar milimita 0.2 ne. Yawan zagaye, yawan daidaiton amsa.

Inda ake samun ta

A ƙasashen waje akwai shagunan da suke sayar da zare na musamman domin wannan aiki, har da wani mai talewa kamar roba. Ana iya yin odarsa ta intanet, amma kuɗin aikowa yakan fi kuɗin zaren. Abin farin ciki shi ne, yawancin abin da muke bukata yana cikin kayan da aka riga aka zubar.

1. Igiyar wuta mai laushi. Idan aka feɗe robar tsohuwar igiyar fitila ko ta rediyo, za a ga silin jan ƙarfe da yawa. A irin wadda aka rubuta wa 0.75, yawanci sili 24 ne, kowanne milimita 0.2. Wannan ya yi wa jirgin 1:72 kauri, amma ya dace da shingen jirgin ruwa, da matakala, da wayoyin turakun lantarki a samfurin gari.

2. Wayar fis. Masu sayar da kayan lantarki suna da ita a naɗe a jikin kati. Ta amfiya 5 kusan milimita 0.2 ce, ta amfiya 15 kusan 0.5. An shafe ta da ruwan kuza, shi ya sa take fari sol tana sheƙi ba sai an yi mata fenti ba. Tana lanƙwasuwa cikin sauƙi, kuma tana zama yadda aka lanƙwasa ta.

3. Kwayil. Wannan ita ce babbar ma'adana. A cikin mataccen taransifoman rediyo, da sifika, da injin fanka, akwai wayar jan ƙarfe mai tsawon gaske wadda aka shafe da wani siririn fenti mai ƙyalli. A taransifoman da yake rage ƙarfin wuta, ɓangaren da wutar gida take shiga shi ne mai siririyar waya, domin zagayensa sun fi yawa. Wadda ta fi duka dacewa da jirgin 1:72 ita ce ta cikin injin agogon bango mai batir, domin ta kai silin gashi siranta. Masu gyaran rediyo da masu gyaran agogo da masu naɗin kwayil sukan tara irin waɗannan matattun kaya. Ɗalibin da ya gaishe su da ladabi, ya bayyana abin da zai yi, da wuya ya dawo hannu rabbana.

4. Igiyar iyafis da ta caja. A cikin igiyar iyafis ɗin wayar hannu akwai silin waya masu launi, ja da kore da shuɗi da ruwan zinariya, an murɗe su tare da wani farin zare. Idan aka warware su a hankali da allura, kowane sili siriri ne ƙwarai. A ƙarƙashin robar wasu igiyoyin caja da na eriyar talabijin kuma akwai wata saƙa ta fararen wayoyi, kaurin kowace wajen milimita 0.1 ko ɗan fiye. Launinsu ya yi kama da na ƙarfen gaske.

5. Tsirkiyar gita. Mawaƙan coci da na makaranta sukan zubar da tsirkiyar da ta tsinke. Mafi siranta a cikin tsirkiyoyin ƙarfe tana tsakanin milimita 0.23 da 0.25. Ƙarfe ne mai tauri, ba ya lanƙwashewa da kansa, don haka ya dace da eriya, da sandar tuta, da duk abin da zai tsaya shi kaɗai.

6. Zaren nailan. Wallace Carothers da abokan aikinsa ne suka haɗa nailan a Amurka a 1935. Sili ɗaya ne sumul, ba gashi a jikinsa. Masu sayar da kayan kamun kifi suna da shi, kuma yawanci an rubuta kaurinsa a jikin ƙullin, mafi siranta wajen milimita 0.1. Teloli ma suna da wani garai-garai mai irin wannan kauri, wanda suke kalmasa da shi don kada ɗinki ya fito. Ya dace da jirgi mai ma'aunin 1:48 ko 1:32, inda wayar milimita 4 take komawa 0.083 da 0.125.

7. Izga da gashi. Izgar wutsiyar doki, irin wadda ake yi wa goge tsirkiya da ita, tana da ƙarfi da ɗan sheƙi, sai dai ta fi gashin mutum kauri. Dogon silin gashin mutum kuwa kaurinsa daidai yake da bukatar 1:72, amma yana da wata matsala da za mu ambata a gaba.

8. Jan roba. Masu ƙera samfuri sun daɗe da wata dabara. Ana riƙe guntun roba mai tauri, irin bututun biro mai garai-garai, a saman harshen kyandir, ana juya shi har tsakiyarsa ta yi laushi. Sai a janye shi daga wutar, a ja bakin biyu a hankali. Robar za ta miƙe ta zama zare. Jan sauri yana ba da siriri, jan sannu yana ba da mai kauri. Zaren yana fitowa a miƙe, amma yana da saurin karyewa.

Batun sheƙi

Ɗalibai da yawa, da sun ji ana neman zare mai sheƙi, sai su nufi wajen masu ɗinkin hula da surfani su sayo zaren kwalliya mai ruwan zinariya ko na azurfa. A duba wannan zare da gilashin ƙara girma, za a ga ashe siririyar leda ce mai ruwan ƙarfe aka nannaɗe a kan wani zare. Jikinsa gargada-gargada ne, yana walƙiya ɗigo-ɗigo, kuma ya yi kauri. Yana da kyau a wuyan riga, amma a jikin jirgi yakan janye idon mai kallo daga sauran aikin.

Sheƙi ma yana bin ma'auni. Kallon samfurin 1:72 daga nisan mita ɗaya daidai yake da kallon jirgin gaske daga nisan mita 72. Daga can wayar ƙarfe takan bayyana kamar siririn layi mai ruwan toka, sai jefi-jefi ta ɗauki hasken rana. Hanya mafi sauƙi ta samun wannan launi ita ce a kankare bakin fensir mai laushi, a shafa garin a yatsa, a bi jikin zaren da shi. Idan wayar jan ƙarfe ce, a fara jan ta a bakin baƙar maka ko ta ruwan azurfa domin jan launin ya ɓace.

Akwai kuma inda ba a bukatar sheƙi ko kaɗan. Jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Victory, wanda aka sa a ruwa a 1765, ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, yake kuma ajiye a Portsmouth, a zamanin aikinsa yana ɗauke da igiyoyin da tsawonsu ya kai mil 26. Igiyoyi ne na ɓawon tsiro, kamar yadda muke tufka tamu da rama. Waɗanda suke riƙe da turakun jirgin an shafe su da kwaltar itace, sun yi duhu, waɗanda ake ja domin sarrafa filafilai kuma launin ƙasa-ƙasa ne. A irin wannan samfuri zaren auduga ne ya dace, a rina wani baƙi, a tsoma wani a ruwan shayi mai kauri, sannan a ja shi a jikin kakin zuma domin gashinsa ya kwanta.

Miƙewa da ɗaurewa

Wayar da aka warware daga kwayil takan fito a nannaɗe. A kama bakin biyu da filaya, a ja a hankali har a ji ta ɗan saki. Wannan ɗan ja yana miƙar da ita, yana kuma ƙara mata tauri. Gajeren guntu kuwa, a ɗora shi a kan gilashi, a murza shi gaba da baya da rular ƙarfe. Idan ana son igiya mai murɗi, a haɗa sili uku, a ɗaure baki ɗaya a ƙusa, a murɗa ɗayan. Kaurin igiyar zai ninka na sili ɗaya sau biyu da ɗan ɗoriya, wato sili uku na milimita 0.2 za su ba da kusan 0.43.

Wajen ɗaurewa, a huda ƙaramin rami da bakin allura, a sa bakin zaren da hantsaki, a ɗiga gam mai saurin kamawa da tsinke. Kada a matso gam kai tsaye daga bututunsa. A fara da wayoyin ciki kafin na waje, kuma a riƙa yin hagu da dama bi da bi don kada fuffuke ya karkace. Idan nailan ya yi sako-sako, a kusanto da jan garwashin turaren tsinke kusa da shi ba tare da ya taɓa ba, zai tsuke nan take.

Wajibi ne mu tuna da yanayin ƙasarmu. Zaren auduga yana shan laima ya kumbura ya gajarce da damina, ya saki da hunturu. Wanda ya ɗaure shi tamau a watan Janairu zai iya tarar da turakun jirginsa sun karkace a watan Agusta. Gashi kuwa akasin haka yake, yana ƙara tsawo cikin laima. Wannan hali ne ma ya sa Horace de Saussure, mutumin Suwizalan, ya ƙera ma'aunin laimar iska da silin gashi a 1783. Wayar ƙarfe kuwa ba ruwanta da laima wajen tsawo, shi ya sa ta fi dacewa da samfurin da za a ajiye shekaru.

A ƙarshe, idan an rasa abin da ya kai sirantar da lissafi ya nuna, gara a sa manyan wayoyin kawai a bar ƙananan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gargaɗi

Kada ɗalibi ya buɗe tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ko murhun maikurowef, domin akwai sassan da suke riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire su daga soket. Kada a ƙona robar waya domin a fitar da jan ƙarfe, hayaƙinta guba ne. A feɗe ta da reza. Jan roba a kan kyandir a yi shi a fili, tare da malami, nesa da ɗakin kwana. Tsirkiyar gita takan yi tsalle idan an yanke ta, don haka a kare ido, a kuma tattara guntayen kada wani ya taka. Abu mafi muhimmanci, kada sha'awar aiki ta kai mutum ga yanke wayar aji ko ta ɗakin ibada, ko ɓalle agogon da yake aiki. Wannan sata ce, kuma tana iya jawo gobara. A roƙi abin da ya riga ya mutu, a kuma yi godiya.

Kammalawa

Shawararmu ga masu shirin bajekoli mai zuwa ita ce su fara tara waya tun farkon zango. A sami kwali, a naɗa kowace iri daban, a auna ta, a rubuta kaurinta da inda aka samo ta. Kafin a sa kowane zare a jikin samfuri, a tambayi kai: idan na ninka wannan da lambar ma'auni, me zai zama a abin gaske? Ɗalibin da ya saba da wannan tambaya tun yana makaranta ya kama hanyar zama injiniyan da za a amince wa da aikin gada. Allah ya ba mu haƙuri da basira, amin.